Alƙalin da Ya Ƙi Shiga Lissafi

A Valdivia ruwan sama ba ya sallama,
sai dai ka wayi gari ka tarar da shi a bakin ƙofa.
A nan Eliodoro Quilodrán ya tsufa,
hawa na biyu, ɗakin da tagarsa ke kallon kogi,
yana ƙirga alƙalai kamar mai ƙirga buhunan hatsi.

Ba aikin lauya ya karanta ba, kimiyyar siyasa ce.
Ya ce doka takarda ce, ba ta da ciki, ba ta jin yunwa,
amma mai riƙe da ita yana da suruki,
yana da bashi, yana son ƙarin girma,
yana tuna hannun da ya ɗora shi a kujera.
Ranar da ya fara faɗin haka a taro
wani tsohon lauya ya ɗauki lemarsa ya fice.

Shekara shida a ɗakin ajiyar kotu
inda takardu ke warin danshi da kashin ɓera.
Hukunci dubu goma sha ɗaya ya kwafe a kati da hannu:
ɗaya in alƙali ya bi bayan gwamnati,
sifiri in ya juya mata ƙeya.
Tarin da ke tashinsa cikin dare, can ya samo shi,
can kuma ya samo digirin da ya sa ake ce masa dakta.

Sau huɗu mujallu na dawo masa da rubutunsa.
A na biyar suka karɓa, bayan sun datse rabi.
Sai kujerar farfesa, sai ɗalibai, sai filin jirgi,
sai Ximena ta daina rufe masa abincin dare.
Lissafi ya yi kaifi.
Ba shi sunan alƙali da shekarar naɗinsa,
zai faɗa maka hukunci tun ba a buɗe zama ba,
takwas cikin goma ka tarar haka ne.

Ban da mutum ɗaya. Mai shari'a Ulloa.
Masu mulki ne suka naɗa shi, ɗan gida ne,
makarantarsu ya yi, cocinsu yake zuwa,
amma kati bayan kati, sifiri.
A kan zane ɗigonsa na can gefe shi kaɗai
kamar akuyar da ta ƙi garke.
Ya auna shi da jam'iyya, bai zauna ba.
Ya auna da shekaru, da garin haihuwa, da fargabar ritaya.
Ɗalibai suka ce a goge shi mana, ɗigo ɗaya ne.
Ya ce ruwa ba ya tsami banza.

Ranar da ya ajiye aiki, bayan jawabai da agogon kyauta,
ya hau bas zuwa Niebla, bakin teku,
wurin matar marigayin, wadda ta haura casa'in.
Ta zuba masa shayi, ta saurari tambayar shekara talatin,
ta yi dariya har da share ido.

Ta ce, kunnensa na dama ya mutu tun yana yaro,
ta wannan gefen lauyan gwamnati ke tsayawa.
Ta yi shiru tana juya cokali.
Ta ce, ko kuwa haka yake gaya wa masu bugo waya da tsakar dare.
Ni dai na sani, in na yi raɗa a kunnen nan
yakan juyo.

Ya biyo bas ɗin ƙarshe, ruwa na dukan gilashi.
Ya zaro katin Ulloa daga aljihu,
wanda gefensa ya yi laushi don yawan taɓawa.
A ƙasa akwai gurbin da bai taɓa cikewa ba,
inda shi da kansa, yana saurayi, ya rubuta: dalili.
Yana riƙe da biro har suka haye gada,
direba ya kunna fitilar ciki, ya ce an iso.